Sakaya Suna a Kundin Shari'a: Ƙirƙirarriyar Basira da Rufin Asirin 'Yan Gudun Hijira a Kotunan Alƙahira

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi rawar da ƙirƙirarriyar basira za ta iya takawa wajen rufa asirin 'yan gudun hijira a cikin hukunce-hukuncen kotu, inda ta ɗauki birnin Alƙahira a matsayin fagen nazari. Dokar neman mafaka da Masar ta kafa a 2024 ta buɗe wa masu neman mafaka ƙofar kotu, alhali dokar kare bayanan mutane ta ƙasar ba ta shafi takardun shari'a ba. Maƙalar ta bayyana yadda na'ura ke gano sunaye ta sakaya su, ta kuma nuna wurare uku da take tuntuɓe: yanayin sunaye a rubutun Larabci, da labarin mai ƙara wanda kan tona shi ko babu suna, da taruwar ƙananan kurakurai. An kammala da cewa na'ura na rage wahalar aikin ƙwarai, amma yanke abin da za a ɓoye hukunci ne na shari'a da ya kamata a tsara tun kafin kundaye su taru.

Fitilun kalmomi: ƙirƙirarriyar basira, sakaya suna, 'yan gudun hijira, hukuncin kotu, Alƙahira

1.0 Gabatarwa

Shari'a a bainar jama'a ginshiƙi ne na adalci, domin alƙalin da ya san za a karanta hujjojinsa ya fi kiyayewa. Ɗan gudun hijira kuwa, kafin ya ci shari'arsa, dole ne ya faɗi abin da ya fi tsoron a ji: wanda ya tsananta masa, da ƙungiyar da ya shiga, da aƙidar da yake ɓoyewa, da 'yan'uwan da ya baro a gida. Idan aka wallafa wannan bayani tare da sunansa, an gudu ba a tsira ba ke nan.

A da, wahalar bincike ce ke kare mutane. Hukunci yana cikin ɗakin ajiya, sai wanda ya san lambar ƙara ya je ya nema. Yau hukunce-hukunce na shiga rumbunan bayanai na intanet, inda rubuta suna ɗaya ya isa a zaƙulo komai. Saboda haka kotuna da dama suka koma ga ƙirƙirarriyar basira domin ta sakaya sunaye kafin wallafa. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: ina iyakar kariyar da wannan hanya ke bayarwa, musamman a birni irin Alƙahira?

2.0 Yadda Lamarin Yake a Alƙahira

2.1 Daga Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya zuwa Zauren Kotu

Masar ba ta ajiye 'yan gudun hijira a sansanoni. Suna zaune cikin jama'a, akasarinsu a Alƙahira da kewayenta, a unguwanni irin su Faisal da Ardul Liwa da Ain Shams da Birnin 6 ga Oktoba. A ƙarshen 2022 waɗanda ke da rajista ba su kai 300,000 ba. Bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a ranar 15 ga Afrilu 2023, adadin ya haura 800,000 kafin ƙarshen 2024, kuma 'yan Sudan ne suka fi yawa, sai 'yan Siriya da Sudan ta Kudu da Eritiriya da Habasha da sauransu.

Tun daga yarjejeniyar fahimtar juna ta 1954, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, ita ce ke yin rajista da tantance wanda ya cancanci mafaka a madadin gwamnatin Masar, duk da cewa ƙasar ta shiga Yarjejeniyar 1951 a shekarar 1981. A wannan tsari, wanda aka ƙi amincewa da shi yana ɗaukaka ƙara ne a cikin hukumar, kuma ba a wallafa kundinsa.

Doka mai lamba 164 ta 2024 ta sauya wannan fasali. Ta kafa Kwamitin Dindindin na Harkokin 'Yan Gudun Hijira a ƙarƙashin Firaminista, ta ba shi wata shida ya yanke hukunci kan wanda ya shigo ta halattacciyar hanya, da shekara ɗaya kan wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya, wanda shi kuma aka wajabta masa gabatar da buƙatarsa cikin kwana 45. Abin da ya fi shafar wannan nazari shi ne tanadin cewa ana ƙalubalantar hukuncin kwamitin a gaban Kotun Shari'ar Gudanarwa da ke ƙarƙashin Majlisud Daula, cibiyar kotunan gudanarwa da aka kafa a 1946, mai mazauni a unguwar Dokki. Labaran da a da ke rufe cikin ofis guda, yanzu suna da hanyar shiga kundin kotu.

2.2 Giɓin da ke Cikin Doka

Kundin tsarin mulkin Masar na 2014 ya ƙunshi tanade-tanade uku da ke jan igiya ɗaya ta fuskoki daban-daban. Sashe na 57 ya kare alfarmar rayuwar sirri. Sashe na 91 ya amince da ba da mafakar siyasa, ya kuma hana miƙa ɗan gudun hijirar siyasa. Sashe na 187 kuwa ya ce zaman kotu a bainar jama'a ake yin sa, sai in kotu ta ga dacewar rufe shi saboda zaman lafiyar jama'a ko ɗa'a, amma ko a wane hali a fili ake furta hukunci.

Za a zaci Dokar Kare Bayanan Mutane mai lamba 151 ta 2020 za ta raba gardama, sai dai ita kanta ta cire bayanan da suka shafi takardun kame da bincike da ƙararrakin kotu daga huruminta, haka nan bayanan da ke hannun hukumomin tsaron ƙasa. Ma'ana, sirrin mai neman mafaka ya fi rasa mai tsaronsa a daidai wurin da ya fi buƙata. Ga shi kuma hukunce-hukuncen kotunan Masar suna yawo a rumbunan kasuwanci da lauyoyi ke biyan kuɗi su shiga, da rumbunan jami'o'i irin su Manshurat na Jami'ar Amurka da ke Alƙahira, da hotunan takardu da ake watsawa a Facebook da WhatsApp.

3.0 Abin da Fallasa ke Jawowa

Haɗarin ba zato ba ne. A Fabrairun 2014, ma'aikatar shige da fice ta Ostireliya ta wallafa wani rahoto a intanet wanda a ƙarƙashinsa ke ɓoye da bayanan mutum 9,258 da ke tsare, har maganar ta kai ga Babbar Kotun ƙasar a 2016. Dokar shige da fice ta ƙasar ta hana kotunan tarayya wallafa sunan mai neman mafaka, duk da haka a 2020 aka gano cewa ana iya ganin sunayen ɗaruruwansu ta shafin binciken ƙararraki na kotun tarayya. A Kanada kuwa, wani shafi mai suna Globe24h da ke Romaniya ya kwashi hukunce-hukuncen kotuna ya sake wallafa su yadda Google zai riƙa fito da su, sa'annan ya nemi kuɗi daga masu son a cire sunayensu, sai da Kotun Tarayya ta yi hukunci a kansa a 2017.

Dokar 'yan gudun hijira ta san wannan matsala, domin ta amince mutum na iya zama ɗan gudun hijira bayan ya bar ƙasarsa, saboda wani abu da ya faru yana waje. Sanin da hukumomin ƙasarsa suka yi cewa ya nemi mafaka yana iya zama wannan abin. Wanda ya fi shiga haɗari ma shi ne wanda ya faɗi shari'arsa, domin shi za a iya mayarwa, alhali zarge-zargen da ya yi wa gwamnatinsa suna rubuce a hukunci. Alƙahira kuma ba ta da nisa da idon ƙasashen da aka guda. Ofisoshin jakadancinsu na cikin birnin, kuma a Yulin 2017 jami'an tsaro sun kama ɗimbin 'yan ƙabilar Uigur, yawancinsu ɗalibai, inda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam suka ruwaito cewa an mayar da wasu ƙasar Sin.

Da jin haka, wani zai ce a daina wallafawa baki ɗaya. Wannan ma yana da nasa lahani. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2007, wanda ya kamanta neman mafaka da caca, ya nuna cewa nasarar mai ƙara kan rataya ƙwarai ga alƙalin da ya faɗa hannunsa. Ba a gano irin wannan bambanci sai da hukunce-hukunce a fili. Lauya a Alƙahira na buƙatar sanin yadda kotu ta fassara tsanantawa a ƙarar jiya kafin ya tsara ta gobe. Abin nema ke nan shi ne hujjar alƙali ta fito, mai ƙara ya ɓuya.

4.0 Yadda Na'ura ke Sakaya Suna

Aikin yana bin matakai huɗu. Na farko, mayar da takarda rubutun da kwamfuta ke iya karantawa, idan hoto aka ɗauka. Na biyu, gano sunaye: ana horar da manhaja da dubban jimloli waɗanda mutane suka riga suka yi wa alama cewa wannan kalma sunan mutum ce, wannan ta wuri ce, wannan kwanan wata ne. Manhajar ba jerin sunaye take haddacewa ba, muhallin kalma take koyo, kamar yadda Bahaushe ke gane cewa abin da ya biyo bayan “Malam” ko “Hajiya” galibi suna ne. Na uku, haɗa ambato da mai shi, wato gane cewa cikakken suna a shafi na ɗaya, da laƙabi a shafi na huɗu, da “ɗan'uwan mai ƙara” a shafi na tara duk mutum ɗaya ne. Na huɗu, musanya: a sa harafi ko sunan aro iri ɗaya a ko'ina, domin mai karatu ya iya bin labarin.

Akwai waɗanda suka yi nisa a wannan fage. Cour de cassation, babbar kotun Faransa a ƙararrakin jama'a da na laifuffuka, ta gina manhajarta ta sakaya suna, ta buɗe rumbun Judilibre ga kowa a Satumbar 2021, kuma ta ajiye ma'aikata masu bin aikin na'urar suna gyarawa. Kotun Tarayyar Turai ta fara sakaya sunayen mutane da haruffa a Yulin 2018 a ƙararrakin da kotunan ƙasashe ke turo mata, daga Janairun 2023 kuma ta fara ba irin waɗannan ƙararraki sunayen aro da kwamfuta ke ƙirƙira. A Birtaniya an saba kiran ƙarar mafaka da haruffa da sunan ƙasa, kamar shari'ar HJ ɗan Iran da HT ɗan Kamaru ta 2010.

Larabci ma ba a bar shi a baya ba. Tun 2007 aka samar da ANERcorp, tarin rubutu na horar da na'ura gano sunaye. A 2020 aka fitar da AraBERT daga Jami'ar Amurka da ke Beirut, da CAMeL Tools daga reshen Jami'ar New York da ke Abu Dhabi. Masar kanta ta kafa majalisar ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira a 2019. Kayan aiki dai suna nan.

5.0 Wuraren Tuntuɓe

5.1 Suna a Rubutun Larabci

Manhajojin Ingilishi da Faransanci suna cin gajiyar babban baƙi a farkon suna. Larabci ba shi da babban baƙi, kuma galibi ba a yi masa wasali. Sunaye da yawa kalmomi ne na yau da kullum: Amal buri ne, Nur haske ne, Adil mai adalci ne, kalmar da ke iya bayyana a hukunci a matsayin sifa. Suna a takardun hukuma na Masar da Sudan kan zo da gaɓa huɗu, na mutum da na uba da kaka da kakan uba, don haka barin gaɓa biyu a fili ya isa ya tona zuriya. Akwai kuma alkunya irin Abu wane da Ummu wance, da nasabar ƙabila ko gari da ke zama suna.

Matsalar ta fi tsanani ga sunayen da ba na Larabci ba. Mai magana da Tigrinya ko Oromo ko Dinka, magatakarda zai rubuta sunansa da haruffan Larabci yadda kunnensa ya ji daga bakin tafinta, kuma yana iya fitowa da siga biyu ko uku a kundi ɗaya. Manhajar da aka horar da jaridun Larabawa ba ta saba da su ba.

Hausa misali ce mai kyau, kuma ba baƙuwa ba ce a wannan batu. Hausawa sun daɗe a Sudan, tun daga mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka har zuwa waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022 ya raba da yawansu da muhallinsu, yaƙin da ya biyo baya kuma ya ci Jazira da Sinnar inda suke da yawa. Sunan Bahaushe na iya zama sunan rana, kamar Talatu da Laraba da Asabe. Yana iya zama sunan gari, kamar yadda muka sani a Aminu Kano da Shehu Shagari. Yana iya zama sana'a ko sarauta, kamar Maikifi da Wakili da Galadima. Na'urar da ta ga “Kano” za ta ɗauka wuri ne. Idan ƙa'idarta ta ce a bar sunayen manyan birane, sai ta bar rabin sunan mutum a fili. Tarin MasakhaNER na 2021 ya ƙunshi Hausa da Amharik cikin harsunan Afirka goma, amma daga labaran jaridu aka tattara shi, kuma Hausar cikinsa da boko take. Sunan Hausa da aka rubuta da haruffan Larabci cikin jimlar shari'a ta Larabci wani fage ne dabam.

5.2 Labari Kansa Suna Ne

A 2000, Latanya Sweeney ta nuna cewa lambar unguwa ta gidan waya da jinsi da ranar haihuwa sun isa a ware kusan kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya. Babu suna a cikin ukun nan. Shi ya sa masu binciken da suka samar da ma'aunin TAB a 2022, daga hukunce-hukunce 1,268 na Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai, suka rarrabe tsakanin alamomin kai-tsaye, irin suna da lambar fasfo, da alamomin kaikaice waɗanda sai an haɗa su suke tona mutum.

A ɗauki misali na ƙiyasi. Hukunci ya ce mai ƙara ungozoma ce 'yar ƙabilar Masalit daga wani ƙauye kusa da Janaina, mijinta malamin makaranta ne da aka kashe a 2023, ta shigo ta Aswan da 'ya'ya uku, ɗaya gurgu ne. An cire sunanta tsaf, amma duk wanda ya fito daga wannan yanki zai gane ta, haka ma mai nemanta da sharri. Abin da ya ƙara wahalar shi ne waɗannan bayanai su ne hujjar shari'ar: ƙabilarta ita ce dalilin tsanantawar, kashe mijin shi ne shaidar haɗarin. In aka share su duka, hukuncin ya zama fanko. Dole wani ya auna: a bar ƙabila da jiha, a mayar da ƙauye “wani ƙauye a Yammacin Darfur”, a mayar da sana'a “ma'aikaciyar lafiya”, a cire maganar yaron idan hukunci bai dogara da ita ba. Wannan awo na buƙatar sanin doka da sanin al'ummar.

Manyan manhajojin harshe na zamani suna iya taimakawa wajen nuna irin waɗannan alamomi. Sai dai wuƙar baki biyu gare ta. Masu bincike a jami'ar ETH da ke Zurich sun nuna a 2023 cewa irin waɗannan manhajoji na iya hasashen mazaunin mutum da shekarunsa da jinsinsa daga rubutu kawai. Hukuncin da ya sakayu a yau yana iya tonuwa gobe, kuma magana zarar bunu ce.

5.3 Taruwar Ƙananan Kurakurai

Na'ura na yin kuskure iri biyu: ta tsallake abin da ya kamata ta ɓoye, ko ta ɓoye abin da ya kamata ta bari. Na biyu yana ɓata karatu, na farko yana iya cin rai. A ƙaddara manhaja tana kama 99 cikin kowane ambato 100, kuma hukunci ya ƙunshi ambato 100 da kowanne ke cin gashin kansa. Lissafi ya nuna yiwuwar ta kama su duka ba ta wuce kusan kashi 37 cikin ɗari ba. Ambato ɗaya da ya tsira kuwa ya rushe sauran 99. Don haka ma'aunin da ya dace shi ne yawan mutanen da aka rufa wa asiri gaba ɗaya, maimakon yawan kalmomin da aka kama.

6.0 Abin da Ya Dace a Yi

Na farko, a kafa ƙa'ida a rubuce cewa kowace ƙarar mafaka tana shiga da sunan aro tun ranar rajista, har a jerin ƙararrakin da ake kira a zaure. Darasin Ostireliya shi ne asiri kan fita ta shafin bincike da jadawalin zama, ko da hukuncin kansa a sakaye yake.

Na biyu, alƙali ya rubuta hukunci da sanin za a wallafa shi, ya tattara bayanan da ke tona mutum a wani rataye na sirri. Abin da bai shiga rubutu ba, na'ura ba za ta tsallake shi ba.

Na uku, manhajar ta yi aiki a kan kwamfutocin kotu. Tura kundin ɗan gudun hijira zuwa manhajar wani kamfani ta intanet domin a sakaya shi, fallasa ce tun kafin a fara. Jadawalin da ke haɗa sunan aro da na gaskiya a killace shi wuri dabam, a kuma share rubutu daga tushe, domin baƙin layi da aka shafa a kan kalma sau da yawa yana barin ta a ƙarƙashi.

Na huɗu, kada a wallafa hukunci sai mutum ya bi aikin na'ura, kuma lauyan mai ƙara ya ga sigar da za a fitar, domin mai ƙara ne ya fi kowa sanin abin da zai tona shi a cikin mutanensa.

Na biyar, a gwada manhajar harshe-harshe. Matsakaicin sakamako mai kyau yana iya ɓoye gazawa a kan sunayen ƙananan al'ummomi, waɗanda su ne suka fi sauƙin ganewa saboda ƙarancinsu. A nan masana Hausa ke da aikin yi. Nazarin sunaye fage ne da sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai suka daɗe suna nomawa. Mayar da wannan ilimi jerin sunaye da laƙubba da sigoginsu na boko da ajami da rubutun Larabci, tare da jimlolin gwaji da aka ƙirƙira ba daga kundin kowa ba, gudummawa ce da injiniya ba zai iya samarwa shi kaɗai ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa dokar 2024 ta kusantar da labaran masu neman mafaka ga kundin kotunan Alƙahira, a ƙasar da dokar kare bayananta ta tsallake takardun shari'a. Ƙirƙirarriyar basira tana iya ɗauke kaso mafi nauyi na aikin sakayawa, ta yadda wallafa hukunce-hukunce masu yawa zai yiwu. Ba ta isa ta yanke wane bayani ne hujja, wane ne tarko ba, kuma ta fi rauni a kan sunayen waɗanda suka fi rauni. Haka nan kariyarta ta tsaya ga sigar da aka wallafa, ba ta kai ga ainihin kundin da ke hannun hukumomi ba, wanda shi doka ce kaɗai ke iya tsare shi. Tunda tsarin sabo ne, akwai damar sa ƙa'ida tun daga tushe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Nijeriya, wadda ta kafa dokar kare bayanai a 2023, da Nijar, wadda ke karɓar 'yan gudun hijira a Maraɗi da Diffa da Agadas, za su fuskanci wannan tambaya duk ranar da suka fara zuba hukunce-hukuncensu a intanet.